Wai Babbar Waya Na Saya Mata

Litinin, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Na saya. Da ƙafata na je, ban tambayi kowa ba.

Bari in rubuta daga farko. Yayarsu ta samu shiga cikin 'yan mata ashirin da wata cibiya a Gyallesu za ta koya wa aikin kwamfuta na wata shida, daga nan a haɗa su da wuraren aiki. Shekara biyu ke nan da gama sakandarenta, tana zaune tana taya ni tuyar awara. Yayarsu nake ce mata kamar yadda ake yi, don 'yar farina ce. Bakina bai taɓa kiran sunanta ba, alƙalamina ma ba zai fara ba. Haka Innata ta yi da babban wanmu, haka na tashi na gani.

Takardar da aka ba ta ni na karanta, sau uku, yatsana a kan layi. An ce kowace yarinya ta kai kwamfutarta a duba kafin sha biyun ranar Juma'a 22 ga wata, in ba haka ba a ba wata gurbinta. Karatu zai fara Litinin 25.

Da na so da na shiga gidan Malama Beatrice na ce ta duba mini. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ita ta koya mini baƙaƙe a ajin manya ina da shekara talatin da takwas. Amma komai sai Malama? Takardar asibiti Malama, sakamakon jarrabawa Malama. Na ce wannan karon ni zan yi.

Gwadabe mai shagon waya a bakin titi ya ce, "Hajiya, wa ke ɗaukar laftof yanzu kamar mai tallar katifa? Ga tabilet. Kwamfuta ce, nauyi kawai aka rage. Ki duba shagona, da laftof ke cike da wancan bango, yanzu duk waɗannan ne. Kasuwa ta juya."

Na ce yana rubutu? Ya ce yana yi. Yana lissafi? Yana yi. Ya kunna ya ce in gwada. Na danna Larai, sunana ya fito fes.

Ban miƙa mata hannu da hannu ba, ai ba a yi. Na sa a durowarta ƙarƙashin mayafai, na fito tsakar gida na kama tatar waken suya kamar ban san komai ba.

Talata, 5 ga wata, da hantsi

Ta gani. Ta fito ta durƙusa ta ce, "Umma, Allah ya ƙara buɗi." Na ce tashi ki duba mini wuta, mai zai ƙone. Zuciyata kuwa kamar ta fashe don daɗi.

Ba a jima ba ta zura hijabi ta ce bari ta nuna wa Mami. Mami take ce wa Malama. Ina jin dariyarsu ta saman katanga.

Ba kishi nake ba.

Laraba, 6 ga wata, bayan azahar

Ta dawo daga Gyallesu ba walwala. Babansu ta ba labari, ni ina madafa ina saurare. Wai mai duba kwamfutocin, wani Malam Zulkiflu, ya juya tabilet ɗin gaba da baya ya ce, "Wannan ai babbar waya ce." 'Yan layi suka yi dariya. Ta ce masa takarda kwamfuta ta ce, ba ta ce laftof ba. Ya ce ba ita kaɗai ta kawo irinsa ba, kwamiti zai zauna Talata 19 ya yanke ko za a karɓa.

Babansu ya ɗaga murya don in ji. "Larai, abin nan naki kamar keke mai ƙafa uku ne. Masu mota su ce babur ne, 'yan acaɓa su ce mota ce."

Na ce ai keken yana kai mutum inda za shi.

Ya ce, "Gwada ki hau shi zuwa Kano."

Bai san ya yi mini ciwo ba.

Alhamis, 7 ga wata, da safe

Babbar waya. Tun jiya maganar ke yawo a kaina.

Asabar, 9 ga wata, bayan la'asar

Malama ta shigo da dafaffiyar masara a kwano. Yayarsu ba ta nan, ta je Tudun Jukun gaida gwaggonta. Mun yi hirar ruwan da ya cika kwatar layinmu. Sai ta kawo wata magana, na ba ta amsa. Amsar ba ta da laifi. Na yi godiya, har na raka ta zaure.

Abin da ya tsaya mini shi ne yadda take kiran sunan yarinyar. Tana faɗa tana maimaitawa, kamar mai tsotsar alawa. Sunan da na ji an raɗa ina ɗaki da jini a jikina, ni ban taɓa ɗanɗana shi a harshena ba, ita kuwa kyauta take sha.

Masarar na ba yara. Ban ci ba.

Lahadi, 10 ga wata, kafin magariba

Su Malama sun wuni a coci, gidansu a kulle. Na samu 'yata a gida yini guda. Ba mu yi wata magana ba, amma tana nan.

Talata, 12 ga wata, da hantsi

Tana zaune a tabarma tana koyon bugun rubutu a kan gilashin da yatsu biyu. Ta ce wa ƙanwarta Jannatu sauran 'yan matan da yatsu goma suke yi, don laftof tana da wurin danna haruffa. Ba da ni take ba. Na dai ji.

To, bari in rubuta, tunda littafina ne. Abin da Malama ta zo da shi ranar Asabar: 'yarta Endurance, wadda ke aikin jinya a Abuja, ta bar tsohuwar laftof ɗinta a gida. Malama ta ce, "Larai, tana nan a akwati ba mai taɓa ta. In kin yarda yarinyar ta ɗauka har ta gama. Ban gaya mata ba, na ce sai na ji daga bakinki, ke ce uwa."

Na ce mun gode, muna da tamu.

Ƙarya na yi? Muna da tamu. Kwamiti bai zauna ba tukuna. In sun karɓa, me ya kai mu aro? A ce uwarta ta sayo abu, maƙwabciya ta zo ta gyara kuskuren?

Ban gaya wa Yayarsu ba. Ban gaya wa Babansu ba. Ba ɓoyewa na yi ba, ba a tambaye ni ba ne.

Alhamis, 14 ga wata, bayan azahar

Na kai Jannatu asibitin unguwa, kunnenta ke ciwo. Mai rubuta sunaye tana riƙe da tabilet irin namu sak. Na ce, "Sista, don Allah wannan kwamfuta ce?"

Ta yi dariya. "Mama, mu dai tab muke ce masa. Amma abin da da muke yi a kwamfuta, yanzu a kansa muke yi."

Na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Da na yi shiru a nan da na huta. Sai na ce, to duka aikin a kansa kuke yi?

Ta ce, "A'a, rahoton ƙarshen wata sai a laftof ɗin oga. Wannan ba ya ɗauka."

Da na dawo gida rabin farko na ba Babansu labari.

Juma'a, 15 ga wata, bayan la'asar

Na leƙa ta zaure na gan su a ƙofar gidan Malama. Yayarsu a ƙasa, Malama a kujera tana yi mata kitso, tana ba ta labarin yadda ta fara koyarwa a ƙauye. Yarinyar ta jingina kanta a gwiwarta. Ni tun da ta yi wayo hannuna bai shiga gashinta ba. Gwaggonta ke yi, ko a kai ta gidan kitso. Ƙannenta ina yi musu, ina goya su, ina yi musu wasa a gaban kowa. Ita kuwa in ta yi abin kirki sai in kau da kai. In na yabe ta a gaban mutane a ce Larai ba ta da kunya.

Ita Malama ba abin da ya hana ta. Ta rungume ta, ta ce "'yata", ta tsaya mata a makaranta. Ranar da aka ba su sakamako ma Malama ce ta raka ta. Ni ina gida ina addu'a ba wanda ya gani.

Na san Malama ba ta yi mini komai ba. Ita ta kama hannuna ta ɗora a kan fensir. Wannan rubutun da nake zaginta da shi a zuci, ita ta ba ni. Shi ya fi ci mini rai.

Wani lokaci sai in ga yadda ake kallon tabilet ɗin nan, ni ma haka ake kallona. Ina karatu, ina rubutu, amma in an zo lissafa masu ilimin layin nan ba a sa ni.

Ba kishi nake ba. Ko ma ina yi, wa zan gaya wa?

Lahadi, 17 ga wata, da safe

Saura kwana biyu. Allah ka sa su karɓa. Allah ka rufa mini asiri.

Litinin, 18 ga wata, bayan azahar

Na ƙona awara kasko biyu. Malama ta gaishe ni ta katanga, "Larai, ya jiran gobe?" Na ce lafiya lau. Na ji kamar za ta ƙara wani abu. Na shige ɗaki.

Talata, 19 ga wata, kafin magariba

Sun ce a'a.

Babansu ne ya gaya mini, shi ta kira a waya. Wai kwamitin ya ce manhajar da za a koyar da ita ba ta hawa tabilet. Wai tabilet na kallo ne da karɓar bayani, su kuwa masu haɗa aiki za su horar. Wani a cikinsu ya ce nan da 'yan shekaru bambancin zai ɓace, aka ce masa to sai shekarun sun zo. Duk wadda ba ta kawo laftof ba zuwa Juma'a ta rasa gurbi.

Babansu ya fita ya tambayo kuɗin laftof ta hannu. Ya dawo ya zauna a kan turmi ya rafka tagumi. Na gane.

Ita kuwa ba gida ta fara zuwa ba. Na ji kukanta ta katanga. A can ta yi shi, a ƙirjin wata. Da ta shigo idonta a bushe, ta ce sannu da gida Umma, ta wuce ɗaki.

Laraba, 20 ga wata, da hantsi

Ta sani.

Ba Malama ce ta kai ƙarata ba, ba zan ɗora mata ba. Yarinyar ce ta tuna Endurance tana da laftof, ta roƙa. Malama ta ce, "Je ki tambayi Ummanki, abin da ta ce shi za a yi." Ta matsa mata da tambaya har ta gane an riga an yi maganar.

Ta same ni ina wanke kasko. Ba ta durƙusa ba. Ta ce, "Umma, tun ranar tara ga wata?"

Na ce ai muna da tamu a lokacin.

Ta faɗi wata magana. Ba zan rubuta ta ba. Ba zagi ba ne, da zagi ne da ya fi sauƙi. Tambaya ce, a kan ko na taɓa son ta kamar sauran.

Da na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ba za a karɓi aron ba. Mu ba mabarata ba ne."

Ban san wa ya faɗa ba. Muryata ce dai.

Laraba, bayan la'asar

Na koma wurin Gwadabe da tabilet ɗin a cikin hijabi. Yana ganina ya ce, "Hajiya ta kwamfuta! Ya 'yar makaranta?"

Na ce ka ce mini kwamfuta ce, sun ce waya ce.

"Su waye? Tsofaffin malamai? Hajiya, duniya ta wuce su. Bari in haɗa miki kibod, ki ga ya zama laftof a gabanki."

Ya ɗauko wani faranti mai haruffa ya jingina tabilet ɗin a kai. Wallahi ya yi kama. Raina ya fara dawowa. Na ciro takardar da yarinyar ta rubuta sunan manhajar, na ce to sa mata wannan.

Ya duba. Ya sosa ƙeya. Ya danna nan ya danna can. Ya ce, "Wannan kam ba ta hawa."

Na ce to kwamfuta ce ko ba kwamfuta ba ce?

Ya ce, "Kwamfuta ce, Hajiya. Ba dai irin wadda suke so ba. Da kin zo da takardar nan tun farko..."

Ban zo da ita ba don ban san ana tambaya ba. Wadda ta san ana tambaya tana bayan katangata, na ƙi shiga.

Alhamis, 21 ga wata, da safe

Ba ta ci abinci ba. Ta wanke hijabinta na zuwa cibiya ta ninke ta sa a ƙasan akwati. Ta ɗaura zane ta zo ta zauna gaban kasko ta karɓi matsami daga hannuna, ba ta kalle ni ba.

Gobe sha biyu.

Alhamis, bayan la'asar

Na aike ta kasuwar Tudun Wada sayen wake, na ce ta zaɓa da kyau kada ta yi sauri. Tana fita na shiga gidan Malama. Tafiyar taku goma ce, na ji kamar na je Kaduna a ƙasa.

Tana gyaran shinkafa a tire. Ta ce, "A'a, ɗalibata. Yau an tuna da ni?"

Na zauna a ƙasa. Ta ce in hau kujera, na ƙi. Na gaishe ta, na sake gaishe ta, na tambayi Endurance, na tambayi ciwon ƙafarta. Ta ajiye tiren ta ce, "Larai, gaisuwar ta isa haka. Tun ajin manya in ba ki san amsa ba sai ki yi ta feƙe fensir."

Na ce na zo ne a kan abin nan na akwati.

Ba ta ce ai na gaya miki ba. Da ta faɗa da na samu abin riƙewa. Ta tashi ta ɗauko, har ta riga ta yi mata caji ta goge ta. Ta ce, "Ɗauki ki kai mata da hannunki. Ki ce ke kika zo."

Na ce a'a. Ke za ki ba ta. Kuma kada ki ce na shigo gidan nan.

"Saboda me, don girman Allah?"

Na ce 'yar fari ce. A ji na tashi na je roƙa mata abu? Gwaggonninta su ji? Ita kanta in ta sani, da wane ido zan kalle ta?

Ta ce, "Shekarata ashirin da biyu a layin nan, har yau kunyar nan taku tana ba ni ciwon kai. Yarinyar tana ganin ba kya son ta, Larai."

Na ce na sani.

"To me zan ce mata? Jiya kin ce ba za a karɓa ba."

Na ce ki ce ke kika yanke, kin fi ƙarfina. Za ta yarda.

Ta ce, "Ƙarya ba zan yi mata ba. Zan ce ta ɗauka, babu mai hana ta. In ta tambaye ni kai tsaye ko kin zo, zan faɗa."

Na ce ba za ta tambaya ba.

Juma'a, 22 ga wata, bayan an sauko masallaci

An karɓa. Sunanta na cikin ashirin ɗin. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Malama ce ta raka ta a keke. Sun dawo ina jin muryarta tun daga bakin layi, "Mami, kin ga fuskar Malam Zulkiflu da ta kunnu?"

Ta shigo rungume da jakar, ta tsaya daga nesa kamar mai jiran faɗa. Ta ce, "Umma, Mami ta ba ni. Na karɓa."

Na ce to.

Ba ta tambaya ba. Na san 'yata.

Asabar, 23 ga wata, da hantsi

Babansu ya ce, "Matar nan Allah ya saka mata. Da ta biye miki da yarinya ta rasa." Na ce amin.

Litinin, 25 ga wata, da safe

Na tashi tun asuba na dama mata kunun gyaɗa, na soya awara mai zafi na ƙulle a leda na sa a gefen jakarta ba ta gani ba. Ta fito tsaf. Ta durƙusa ta ce, "Umma, na tafi." Na ce Allah ya tsare, ina kallon murhu.

Tana fita na bi ta har zaure, na tsaya bayan ƙyaure. Ba titi ta nufa ba. Ta ƙwanƙwasa ƙofar Malama. Malama ta fito da zanen barci, ta kama kafaɗunta biyu, ta kira sunanta da ƙarfi har layin ya ji, ta sa mata albarka. Yarinyar ta ciro ledar daga jaka, ta duba, ta ɗan tsaya.

Sai ta buɗe ta miƙa wa Malama ta ce, "Mami, ɗauki biyu, da zafinta."

Malama ta ɗago ido ta kalli ƙyaurenmu. Ta san ina nan. Ta ɗauki ɗaya.

Keke ya zo, ta hau, ta tafi. Ta samu abin da nake so ta samu. Na dawo na zauna gaban kasko ni kaɗai, yau ba mai taya ni juyawa.